Litiyam daga ruwan gishiri: na shanya ko na tatsa kai tsaye?

Duk kamfanin batir da ke shirin ƙulla cinikin litiyam da masu haƙo shi daga ruwan gishirin ƙarƙashin ƙasa, hanyoyi biyu za a gabatar masa.

Ta farko ita ce shanya. A Salar de Atacama, wani filin gishiri da ke Chile, kamfanonin SQM da Albemarle kan zuƙo ruwan su baza shi a manyan tafkuna, rana da iska su ƙafar da shi wata 12 zuwa 18, yana canza launi daga shuɗi zuwa rawaya yayin da yake kauri. Tana da araha, tunda rana ba ta karɓar kuɗi. Sai dai kusan rabin litiyam ɗin ne kawai ake samu, ruwan kuma ya tafi ke nan, abin da al'ummomin yankin suka daɗe suna kuka a kai.

Ta biyu, tatsa kai tsaye, ita ake ta yi wa talla yanzu. Ana bi da ruwan ta cikin wasu ƙwayoyi masu kama litiyam su bar sauran gishirin ya wuce, aikin sa'o'i ko kwanaki. Ba sabuwa ba ce kamar yadda ake zuzutawa: tun shekarun 1990 ake amfani da irinta a Hombre Muerto na Ajantina, kuma a 2024 kamfanin Eramet na Faransa ya buɗe masana'antarsa ta Centenario a lardin Salta na ƙasar. A Qinghai na Sin ma ita ta fi dacewa, saboda sinadarin magniziyam ya yi yawa a ruwan can, abin da ke wahalar da ware litiyam ta hanyar shanya.

Amma kada sunan ya ruɗe ka. Wanke ƙwayoyin nan na cin ruwan daɗi, a hamadar da ruwan sha ke wuya, ga wutar lantarki. Don haka ka matsa wa mai sayarwa: ruwan daɗi nawa ke tafiya a kowane tan? Ana sake amfani da shi? Ragowar ruwan gishirin ana mayar da shi ƙasa da gaske, ko a takarda kawai? Wanda ya kama inda-inda a nan, ni dai ba zan sa hannu da shi ba.

Akwai kuma ruwan zafi na ƙarƙashin ƙasa mai ɗauke da litiyam, irin wanda kamfanin Vulcan ke aiki a kai a kwarin Rhine na Jamus, inda zafin ke ba da makamashi. Dabara ce mai kyau, amma kayan bai wadata a kasuwa ba tukuna.

Idan Turai za ka kai batir, nemi rahoton binciken masu zaman kansu irin na IRMA, ƙungiyar da ke tantance tasirin ma'adinai ga jama'a da muhalli, domin daga Fabrairun 2027 Tarayyar Turai za ta fara neman fasfon batir, wato bayanan dijital kan batirin da kayan da aka haɗa shi da su.