Tsarabar Umara: Ajwa ko Sukkari, wanne za a cika jaka da shi?

Hajiya, kin ce za ki tafi Umara, kin ware kilo 10 na nauyin kayanki domin dabino, amma an raba miki hankali: wasu na cewa Ajwa kawai, wasu na cewa Sukkari ya fi daɗi kuma ya fi sauƙin kuɗi. Allah Ya kai ki lafiya, Ya karɓi ibada. Shawararmu ita ce kada ki cika jaka da ko ɗaya daga cikinsu. Kowanne da wanda ya dace a kai wa, kuma akwai na uku da ya fi su kyau wajen rabon dangi da maƙwabta.

Ajwa ɗan Madina ne. Baƙi ne, ƙarami, dunƙulalle, fatarsa da ƙananan layukan yamutsi, kuma ba ya ƙyalli sosai. Zaƙinsa matsakaici ne, ba ya gundura. Darajarsa ta samo asali daga hadisin Sa'ad bin Abi Waƙƙas da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa wanda ya ci Ajwa bakwai da safe, guba ko sihiri ba za su cutar da shi ba a wannan rana. A wata ruwayar Muslim an ambaci Ajwar Aliya, wato gonakin Awali da ke can ɓangaren Ƙuba, shi ya sa za ki ga an rubuta wannan suna a kwali an ƙara kuɗi. Sukkari kuwa daga yankin Ƙasim yake zuwa, musamman Buraida, fiye da kilomita 400 gabas da Madina. Launinsa kamar na zuma, ya fi Ajwa girma, zaƙinsa kuma kamar alewa. Yara da matasa shi suka fi so, wannan ba musu.

Inda suka rabu da gaske shi ne ruwan jikinsu, kuma nan ne mutane suke tafka asara. Sukkari iri biyu ake sayarwa. Akwai ɗanye mai laushi, wanda Larabawa ke kira rutab, shi ne za ki gani a firiza a shago. Akwai kuma mufattal, wanda ya ɗan bushe ya yamutse. Wanda ake ba ki ki ɗanɗana har ki ce a zuba kilo biyar, yawanci rutab ne. To ki lissafa tafiyarsa: fita daga otal, zaman jira a filin jirgin Jidda ko Madina, tashi kusan awa biyar in kai tsaye ne zuwa Kano, fiye da haka in an biyo ta Alƙahira ko Adis Ababa, sannan mota zuwa gida. Kafin ki buɗe jaka ya narke, ya tsiyaye, ya manne da juna. In aka bar shi a ɗaki cikin zafinmu, kwana kaɗan zai fara tsami da wari, domin sukari da laima da zafi sun haɗu. Mun saba da busasshen dabinon Agadas da ke yin watanni a buhu ba abin da ya same shi, sai mu yi wa wannan irin wancan ajiyar. In ba ki da tabbacin wuta a gida, ki bar rutab a can, ki ci iya cinki a Saudiyya, ki ɗauko mufattal. Ajwa ya fi jure hanya nesa ba kusa ba. Abin da yake yi in ya daɗe a buɗe shi ne ya bushe ya taurare.

Matsalar Ajwa daban ce: tsada da algus. Kuɗinsa kan ninka na dabinon yau da kullum sau biyu ko fiye, kuma saboda haka ake cakuɗa shi da ƙananan Safawi, wanda shi ma baƙin dabinon Madina ne. Ki ɗauki ƙwaya ki duba. Safawi ya fi tsawo, ya fi ƙyalli, in kin ɗaga shi a haske za ki ga jaja-jaja a jikinsa. Ajwa gajere ne, baƙinsa a dushe. Duk dabinon da ke sheƙi sosai yana manne wa yatsa, ki yi zargin an shafa masa mai ko ruwan sukari. Kada ki tsaya ga na saman kwali. Ki sa hannu ƙasa ki zaro uku, ki tsaga su, ki duba gefen ƙwallon. Baƙin gari ko zare kamar yanar gizo-gizo alamar tsutsa ce. Ki fi son wanda hular kansa take nan, domin ta wannan kafa ƙwari ke shiga. Sannan a auna, a ɗaure a gabanki.

Wurin saye ma ya bambanta. Ajwa a Madina za ki saye shi, a kasuwar dabino inda shaguna ke jere, ki taya uku ko huɗu kafin ki biya. Gonakin da motocin ziyara ke tsayawa suna da daɗin gani, amma mutum yana cikin gaggawa, ba damar kwatanta farashi. Sukkari tunda kawo shi ake yi, ba wani fifikon Madina a kan Makka ko Jidda, don haka ki bar shi sai ranar ƙarshe. Ana girbin dabino ne daga wajen Yuli zuwa Satumba, saboda haka in cikin azumi za ki je a waɗannan shekarun, na girbin da ya wuce za ki samu. Ba laifi in an ajiye shi a sanyi, amma ki duba ranar da aka ɗura a kwali.

Ga yadda muke ganin rabon kilo 10 ɗin. Kilo 2 na Ajwa, domin iyaye, surukai da malamai. Matsakaicinsa kan kai kusan ƙwaya 120 a kilo, in kin ƙulla 21 ga kowa, wato bakwai-bakwai na kwana uku, mutum goma sha ɗaya sun samu. Kilo 2 na Sukkari mufattal domin cikin gida da baƙi masu zuwa barka da sauka. Sauran kilo 6 ki sayi Safawi ko Khudri, masu arha, masu nama, masu jure zafi. A ƙulli na giram 200 kin sallami gida 30. In akwai mai ciwon sukari cikin waɗanda za ki ba, ki tuna Ajwa ma sukari ne a cikinsa, ya bi ƙa'idar likitansa.

Wajen ɗauri, ki nemi a zuƙe iskar ledar a liƙe, sannan ki ƙara wata leda a kai. Ki sa shi a ƙasan jaka wajen tayoyi, kuma ki nisanta shi da turare, miski da sabulu, domin dabino na ɗaukar ƙamshi, ba ya kuma sakinsa. Ki auna jakar a otal, tunda kwali ma yana da nauyinsa, ki duba abin da tikitinki ya ba ki. Zamzam ba ya shiga wannan lissafi: ba a yarda a cusa shi cikin jaka ba, galan ɗin lita 5 da aka liƙe ne ake karɓa daban.

In kin iso, ki sa dabinon a firiza kamar mako guda in da hali, sanyin zai kashe ƙwan ƙwari, sannan ki juye a roba mai murfi. Farin da kan fito a fatarsa daga baya kada ya sa ki zubar. In kin murza kin ji tsaki-tsaki, sukari ne ya fito. In kuwa laushi ne kamar auduga, ga wari, to fumfuna ce, ki cire wannan ƙullin gaba ɗaya.