Gyaran tabon hoton shuɗi a wani shago da ke Bauchi

Shagon yana bayan Kasuwar Wunti, kuma ko da yake yawancin cinikinsa hoton fasfo ne da na biki, mai shi yana karɓar aikin da ba kasafai ake samun mai yinsa ba, wato gyaran ƙananan tabo a jikin hoton shuɗi da ake kira sayanotaif. Wannan hanya, wadda masanin kimiyya ɗan Ingila John Herschel ya ƙirƙiro a 1842, ba ta buƙatar inji: ana shafa wa takarda ruwan sinadarai biyu masu ɗauke da ƙarfe, a ɗora nagetif (fim ɗin hoto wanda fari da baƙi suke a juye a jikinsa), a danne da gilashi, a shanya a rana, sannan a ɗauraye da ruwa, hoto ya fito shuɗi kamar rinin baba.

Abin da ke ɓata ta a garinmu shi ne ƙurar hunturu, domin duk ƙwayar da ta maƙale ƙarƙashin gilashi sai ta tare haske, ta bar farin ɗigo. Hotunan ganuwar Bauchi da na kai masa cike suke da irin wannan, kuma a nan gwanintarsa ta bayyana. Yana amfani da siririn buroshi da fentin ruwa mai launin shuɗin Furusiya, wanda shi ne ainihin launin da rana ke haifarwa a takardar. Ba ya shafawa. Yakan goge buroshin har ya kusa bushewa, sannan ya riƙa ɗigawa kaɗan-kaɗan, yana farawa da launi mai haske tun da ƙari ya fi ragi sauƙi. Da na duba sararin samaniyar hoton da gilashin ƙara girma, da ƙyar na gane inda ya taɓa.

Tabo mai duhu kuwa bai gamsar da ni ba. Ya kankare guda da reza, fuskar takardar ta tashi, kuma ana ganin wurin idan aka karkata hoton. Game da sauran tabon ya ce, “Malam, waɗannan a bar su,” domin idan aka ce a cire su da kanwa ko sabulu, sai su cinye shuɗin, su bar rawaya.

Ba shi da tsayayyen farashi, sai ya ƙirga tabo kafin a yi ciniki, kuma ya wuce ranar alkawari. Wanda zai kai masa aiki ya tabbata ya gama wanke hotonsa tukuna, saboda fentin gyaran yana narkewa da zarar ruwa ya taɓa shi.