Shagon buga jesi na Kantin Daji da rigata mai lamba 22

A duk Gusau ban san mutum biyar da ke bin ƙwallon besbol ba, amma hular hana-salla mai harafin N da Y a sarƙe, daga Tashar Magami har Gada Biyu ba ka rasa ta a kan ɗan kabu-kabu. Yawancin masu sa ta ba su san tambarin ƙungiyar besbol ta Yankees ba ne. Ni ma haka na yi shekaru ina sa ta, sai da yayana ya koma Amurka yana tuƙin tasi a unguwar Bronx, inda filin ƙungiyar yake, sannan ya riƙa koya mini wasan ta waya. Aikina na dare ne, a wani gidan burodi a Tudun Wada. Wasan da aka fara bakwai na yamma a Niyok, sha biyun dare ke nan a nan, daidai lokacin da muka gama kwaɓi muna jira ya kumbura. A wannan jiran wasan ya shiga raina.

Shagon da zan yi magana a kansa yana Kantin Daji, cikin wani lungu bayan masu sayar da kayan waya. Ɗaki ɗaya ne: kwamfuta, injin yanka roba, injin gasa rubutu a jikin riga, da benci guda da ba ya ɗaukar fiye da mutum uku. Aikinsa na kullum jesin Barcelona ne da Madrid da Arsenal, da na kulob-kulob na unguwa, da rigunan 'yan makaranta. A gefe kuma yana da tarin gwanjo na kayan wasanni zalla, dilar Kwatano, yana buɗewa ranar Laraba. Sau uku na kai masa riga guda cikin wata goma sha huɗu, don haka ina ganin na san aikinsa.

Zuwan farko a Janairun 2024 ne. Wata ɗaya kafin nan Yankees sun ɗauko Juan Soto daga San Diego, ni kuma na tsinci farar jesi mai siraran layuka a cikin gwanjon, bayanta fayau babu lamba. Naira 6,500 ya sallama mini ita bayan mun ɗan ja. Yadin mai nauyi ne, maɓallai cikakku, ba tabo a wuya ko hammata, kuma da kansa ya nuna mini wani ɗan ɗinki da ya saki a ƙasa tun ban gani ba. Na ce a buga 22 da SOTO a sama. Ya karɓi wayata ya daɗe yana duban hoton Soto da na nuna masa, sai ya ce: "Malam, wagga riga ba ta son suna. Duba hoton da kan nuna min, lamba ɗai ag ga bayan yaron."

Gaskiyarsa ce, kuma bai taɓa kallon besbol ba. Yankees ba su rubuta sunan ɗan wasa a bayan riga, a gida ko a waje. Lamba kawai suke sawa tun 1929, lokacin da Babe Ruth ya samu 3, Lou Gehrig ya samu 4, bisa jerin da suke fitowa bugu. Na san wannan sarai, amma na ce ya buga, don ina son a tambaye ni wane ne Soto in ba da labari. Ya buga. Naira 2,000 lamba da suna. Launin ya dace, shuɗi mai duhu kamar baƙi, bai sa baƙi wuluk irin na masu gaggawa ba, kuma ya auna tsakiya da tef maimakon ya kintata da ido.

Dole in ɗan tsaya kan yadda cinikin 'yan wasa yake a besbol, don abokaina na gidan kallo kullum tambayarsu ita ce nawa aka saye shi. Ba kasafai ake sayen ɗan wasa da kuɗi kamar a ƙwallon ƙafa ba. Ban gishiri in ba ka manda ake yi. Don su samu Soto da Trent Grisham, mutum biyar Yankees suka bayar: Michael King, Drew Thorpe, Jhony Brito, Randy Vásquez da Kyle Higashioka. Kuma sun bayar ne suna sane da cewa shekara ɗaya tak ta rage wa Soto ya cika shekara shida a babbar gasa, wadda daga ita ɗan wasa ke samun 'yancin zaɓar inda zai je. Wato tun ranar da aka gasa sunan nan a rigata, aro ne.

Aron ya yi daɗi. Sau 41 ya tsallakar da ƙwallo bayan katanga a kakar, shi a gaba Aaron Judge na biye da shi, shi kuma Judge 58. Daren da ba zan manta ba shi ne wasa na biyar a Cleveland, zagaye na goma, don an gama zagaye tara na ƙa'ida kunnen doki. Soto ya yi ta kare jifa yana gyaɗa kai, har ya samu wadda yake so ya aika ta can bayan fili, maki uku lokaci guda, Yankees suka kai World Series, karawar ƙarshe ta fitar da zakara, karon farko tun 2009. Ina sanye da rigar a ƙarƙashin rigar aiki, ga zafin tanda, na yi kabbara har yaran da ke shafa mai a gwangwani suka firgita. A can Dodgers na Los Angeles suka cinye mu wasa huɗu da ɗaya. A wasan ƙarshe muna gaba da biyar ba ko ɗaya, zagaye na biyar ya zo aka yi ta kuskure har aka farke duka, aka tashi bakwai da shida. Wannan har yau ban iya sake kallonsa ba.

Zuwa na biyu gajere ne. Cikin damina, bayan wanki kamar goma, ƙafar harafin T ta fara ɗagowa. Na kai, ya duba, bai ce laifin mai wanki ba ne, ya mayar da ita inji, minti biyar ya miƙo mini, ya ƙi karɓar ko kwabo. Ya dai gargaɗe ni: a juya ta ciki waje in za a wanke, kada a sa bilic, kada dutsen guga ya hau kan roba. Tun daga nan ba ta sake ɗagowa ba.

Asubahin Litinin 9 ga Disamba, ina ƙirga burodi wa masu mashin, yayana ya kira. Soto ya tafi Mets, maƙwabtanmu na cikin gari ɗaya, shekara 15 a kan dala miliyan 765. Ya zarce miliyan 700 na Shohei Ohtani, kuma nasa babu jinkirin biya irin na Ohtani. Rahotanni sun ce Yankees sun taya miliyan 760 a shekara 16. Ban ji haushin yaron ba. Shekararsa 26 a lokacin, ya baro Jamhuriyar Dominika ne don neman na kansa, kuma shekara ɗaya ya yi mana, ya cika ta. Amma rigar na naɗe ta na sa ƙasan akwati, ta yi wata biyu a can.

A cikin wata biyun nan Brian Cashman, wanda ke riƙe da cinikin 'yan wasan ƙungiyar tun 1998, ya rarraba kuɗin wurare da yawa. Ya ɗauko Max Fried, mai jifa bahago daga Atlanta, shekara 8 dala miliyan 218, kuma wannan ne na fi yarda da shi cikin duka. Ya karɓo Devin Williams mai jifan rufe wasa daga Milwaukee, ya ba da Nestor Cortes da Caleb Durbin. Tafiyar Cortes ta taɓa ni, duk da shi ne ya yi jifan da Freddie Freeman ya kashe mu da shi a wasan farko da Dodgers. Mutum ne da ya dawo daga ciwo ya karɓi ƙwallo a lokacin da ba kowa zai karɓa ba. Sai Cody Bellinger daga Cubs, wanda mahaifinsa Clay ya taɓa buga wa Yankees, da Paul Goldschmidt mai shekara 37, shekara ɗaya dala miliyan 12.5. Dukansu biyu sun taɓa zama gwarzon shekara, Bellinger a 2019, Goldschmidt a 2022, sai dai ba wanda zai ce maka suna kan ganiyarsu a lokacin.

Ramin da ba a cike ba a farkon 2025 shi ne na mai tsaron zango na uku, cikin zangunan da mai bugu ke zagayawa kafin ya ci maki. Gleyber Torres ya tafi Detroit, aka shirya Jazz Chisholm ya koma zango na biyu, sai aka bar DJ LeMahieu da Oswaldo Cabrera da Oswald Peraza su yi takara. Duk wancan hunturun sunan Nolan Arenado, wanda a lokacin yake St. Louis, aka yi ta kira. Shi kuwa kwantiraginsa ya ba shi ikon ƙin musaya, har ya ƙi zuwa Houston a Disamba. Alex Bregman, shi ma mai tsaron zango na uku, ya riga ya tafi Boston. Ni ban so a ɗauko Arenado. Hannunsa a tsaron zango ba na biyunsa, amma badame ne, ƙarfin bugunsa ya ja baya, filinmu kuwa na bahagwai ne, katangar dama inda bugunsu ke nufa ƙafa 314 kacal. Haka maganar a rabu da Marcus Stroman don a huta da dala miliyan 18 ɗinsa, wai masu fara jifa sun kai shida alhali gurbi biyar ne. Wasa 162 ake yi a kaka, kuma gwiwar hannun mai jifa ba ta sallama kafin ta tafi. Na ce a bar shi.

Duk wannan na zauna a bencin shagon na zayyana wa mai shi ranar da na kai rigar karo na uku, a Fabrairun 2025. Abin da ya sa na zaro ta daga akwati shi ne na ga an ba Ben Rice lamba 22, yaron da ya tsallakar da uku a wasa ɗaya da Boston a 2024. Lambar tana nan a gida ke nan, sunan ne kawai ya yi ƙaura. Mai shagon bai ce ai na faɗa maka ba. Ya ce irin wannan ne rabin cinikinsa: lokacin da Messi ya bar Barcelona a 2021, da 2024 da Mbappé ya koma Madrid, sai da ya yi ta cire suna har yatsunsa suka yi kanta. Ya kuma jawo mini wasu riguna biyu daga gwanjon, ta Boston mai lamba 50 da sunan Betts, da ta Washington mai 34 da sunan Harper. Na gane su nan take. Mookie Betts an musanya shi zuwa Dodgers a 2020, Bryce Harper ya koma Philadelphia a 2019. Wani can ya ji irin abin da na ji ya fitar da rigarsa daga gida, ta bi jirgin ruwa ta sauka Kwatano, ga ta a Kantin Daji ana sayarwa 5,000. Na daɗe riƙe da ta Betts ɗin kafin in mayar.

Cire suna ya fi buga shi wuya. Yana ɗumama wurin, ya shafa wani sinadari ta cikin rigar, sannan ya riƙa ɓare robar da hantsaki a hankali. Tun kafin ya fara ya gaya mini farin yadi ba ya ɓoye sirri, za a ga inuwa. An kuwa gani. In ka matso kusa za ka iya karanta S da O na ƙarshe, kuma layi ɗaya daga cikin siraran layukan ya ɗan kwashe launi wajen kafaɗar hagu. Daga taku uku ba ka ganin kome. Naira 1,500 ya karɓa, kuma a ganina aikin ya ci kuɗinsa.

Inda ya ɓata mini rai shi ne alkawari. Ya ce Alhamis, na tashi daga barcin rana na hau mashin na je, rigar na nan yadda na bar ta. Ba wuta, janaretansa kuma ƙarami ne, ba ya ɗaukar injin gasawa. Wannan uzuri ne da kowa a garin nan ya sani, amma yana da lambata, kira ɗaya ya isa ya hutar da ni. Asabar ma haka. Sai Litinin na karɓa. Na gaya masa a fuskarsa, ya ba da haƙuri, ya ce kuɗin mashin ɗina a cire daga kuɗin aiki, na ƙi. Abu na biyu, in yaronsa ne a kan kwamfuta, kada ka tafi sai ka karanta abin da ya rubuta a allo kafin a yanka. A gabana wani ya zo karɓar jesin kulob ɗinsu goma sha takwas, uku an juya haruffan suna, aka sake su kyauta amma wasansu washegari ne.

Wanda ke son gwanjo mai kyau ya je Laraba kafin azahar, don masu sari na zuwa da wuri su kwashe zaɓen farko. Ana karɓar taransfa. Lokacin azumin 2025 ya ƙarato, mai shagon ya ce daga goma ga wata aikin jesin gasar bayan salla zai rufe shi, mai aiki ɗaya ko biyu ya kawo da wuri. Ni dai na bar masa saƙo: in dila ta fito da farar mai layuka da lamba 99 ta Judge, ya ajiye mini kada ya rataye. Judge ya sa hannu a shekara tara tun Disambar 2022, kuma ko da suna a bayanta zan karɓa.