Yamazaki ko Yoichi: Wace Masana'antar Wiski ce Ta Fi Cancantar Ziyara?

Wanda ya sauka birnin Kyoto na ƙasar Japan, Yamazaki ce kusa da shi. Shinjiro Torii ya kafa ta a 1923, a mahaɗar koguna uku, saboda kyawun ruwan wurin. Za a nuna maka yadda ruwan sha'ir ke tsima, a tace shi da tururi sau biyu a tukwanen jan ƙarfe, ya shekara da shekaru cikin ganga.

Yoichi kuwa tana can tsibirin Hokkaido a arewacin Japan, ga nisa ga sanyi. Masataka Taketsuru, wanda ya koyo sana'ar a Sikotland, ya gina ta a 1934. Har yau da shebur ma'aikaci ke watsa kwal ƙarƙashin tukunya, wuta na ci jawur. Ni dai nan zan zaɓa, domin ko mutum ba ya sha, wannan aikin hannun abin kallo ne.