Gargaɗi ga masu garaji da masu ɗaura turbo a Damagaram: ana sayar da fiston na zubi da sunan na ƙira

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na yi sati uku ina jinkirin rubuta wannan saboda kunya, don shekarata goma sha bakwai ina kwance inji, kuma da idona biyu aka cuce ni. Jiya wani yaro daga Zango ya zo da wayarsa yana nuna mini hotunan fiston ɗin da na sani, na mutumin da ya cuce ni, yana neman shawara ko ya tura masa kuɗi. Shi ya sa na ce a bar kunya.

Motar ta wani maigidana ce mai zirga-zirga tsakanin nan da Agadas, Land Cruiser 80 mai injin 1FZ-FE, lita 4.5, silinda shida, faɗin kowace milimita 100. Toyota ba ta yi wannan inji da turbo ba, wato na'urar da ke matsa iska cikin inji don ƙara masa ƙarfi. Alhaji ya ga yadda Larabawan Dubai ke ɗaura masa turbo suna hawan tudun yashi, ya ce shi ma haka yake so. Na ce, Alhaji, ƙaramin matsi injin zai ɗauka, amma irin ƙarfin da kake nufi, ga zafin watan Afrilu da ke wuce digiri 40, sai an sake fiston, wato abin da ke hawa da sauka cikin silinda, an sa na ƙira, wanda muke cewa forje.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwane ya san bambancin. Na zubi, narkar da ƙarfen ake yi a zuba a mazubi ya daskare. Yana da kyau ga motar yau da kullum, amma in wuta ta yi masa yawa ba ya lanƙwasa, tsagewa yake kamar tukunyar ƙasa. Na ƙira kuwa curin alminiyan ake zafafawa a danne shi da ƙarfi har ya ɗauki siffa, kamar yadda maƙeri ke dukan hauya, sai jikinsa ya haɗe. Shi ya sa yake jure ƙwanƙwasar da inji ke yi in mai da iska sun fashe ba a kan lokaci ba, wadda ita ce ajalin injin turbo.

Saitin gaske na shida daga kamfanoni irin JE, Wiseco ko CP-Carrillo yana kai wajen dala dubu, dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba, kafin kuɗin jirgi da na duwan. Mutumin da ya cuce ni, da na samu a wani zauren WhatsApp na masu sayar da piyas, wato kayan gyaran mota, ya ce jika 280 har Damagaram. Ya ce shagonsa na Kwatano, wani ya yi oda ya kasa biya. Tun nan ya kamata in farka, araha ba ta ado. Amma bakinsa ya san aiki. Yana cewa "Patron, kai ne malaminmu", yana turo bidiyon kwali mai tambari. Na tura rabi ta kamfanin aika kuɗi, sauran rabin na bai wa direban da ya kawo kayan, wanda shi bai san komai ba, saƙo aka ba shi a tasha.

Kayan sun zo suna ƙyalli, an zana lamba da na'ura a saman kowane. Na tambayi takardar awo, ya ce ta ɓace a duwan. Wannan takarda ita ce rabin kayan. Ita ke gaya maka irin ƙarfen da aka yi aiki da shi, da tazarar da za a bari tsakanin fiston da bangon silinda, da inda za ka ɗora mikiromita, abin awon faɗi, a jikin siket, wato ƙasan fiston, da buɗin bakin segiman, ringi in ji mutanen Kano. Na tambaye shi lambar irin alminiyan ɗin, 2618 ne ko 4032? Ya ce 2618, mai ƙarfin.

A nan dabarar take, ku karanta da kyau. Na 4032 yana da silikon wajen kashi 12 cikin ɗari, ba ya kumbura sosai in ya ji zafi, don haka tazararsa ƙarama ce, ba ya surutu, ya dace da motar da ake hawa kullum da matsakaicin matsi. Na 2618 kusan babu silikon a cikinsa, ya fi juriya, amma yana kumbura, sai an bar masa fili. Saboda wannan filin, da asuba in ka tada inji za ka ji yana ƙas-ƙas har ya ɗumama, sannan ya yi shiru. Kowane makanike ya san haka, ɓarawon ma ya sani. Na sa aka gyara silinda aka bar filin 2618, wajen 0.12 na milimita. Muka haɗa, muka tada, inji na ƙas-ƙas. Ya yi zafi, bai daina ba. Na kira shi, ya yi dariya ya ce, "Haba Patron, ai kukan forje ke nan, ka ba shi kilomita dubu." Na so in yarda, na yarda.

Ba ta kai Tanut ba. Hayaƙi fari da shuɗi, mai na tsartuwa ta murfi, aka jawo ta da igiya. Da na buɗe, gadar da ke tsakanin segiman na farko da na biyu ta karye a silinda biyu, gutsuren ya karce bango, wani ya fita ya ci fukafukan turbo.

Sai a ranar na yi abin da ya kamata in yi tun farko, wanda bai fi minti biyar ba: na kife fiston na duba cikinsa. Na ƙira cikinsa sumul yake, in akwai wata alama to sawun na'urar yanka ce. Wannan kuwa gautsin zubi ne kamar fatar lemo, ga layin mahaɗar mazubi an goge shi da takardar yashi amma yana nan. Na kai maganaɗisu kusa da ramin fil, sandar da ke riƙe fiston, ya kama, alhali ba ya kama alminiyan, domin akwai farantin baƙin ƙarfe a binne ciki, irin wanda ake sa wa wasu na zubi don rage kumburi. Na kai guda huɗun da suka tsira wurin wani mai awon zinariya, bambancin mai nauyi da mara nauyi giram 9. Saitin kirki ba ya wuce giram ɗaya ko biyu. Na rubuta wa kamfanin da sunansa ke kan kwali, na tura lambar da hoto, suka ce ba tasu ba ce. Fiston na zubi ne na kasuwa, aka wanke masa fuska aka zana masa lamba.

Wani abu da zan faɗa ko da ba za a ji daɗi ba: da yawa cikin masu neman forje a garin nan ba sa bukatarsa. In ba a gyara kwamfutar mota ba, ba a ƙara famfon mai da injekta ba, babu na'urar sanyaya iskar turbo, ko na gasken ka sa zai narke. Kalmar ce ke burge mu, kuma ita mutumin nan ke sayarwa.

Lambarsa ta mutu kwana biyu bayan na tura masa hoton abin da ya karye. Na kai ƙara komisariya da rasit ɗin aike. Yanzu ya dawo da wani suna, yana cewa yana Lome, amma kwalin da ke cikin bidiyon shi ne, har da yagewar da ke kusurwar hagu. Ba ya yarda da kiran bidiyo, ba ya yarda ya kife fiston ya ɗauki hoton cikinsa, kuma kullum akwai "wani Alhaji a Maraɗi" da zai ɗauke kayan in ba ka tura yau ba.

Na ajiye guda shidan a kan teburin garaji, kusa da na gaske ɗaya da wani abokin aiki ya ara mini. Mai son ya ga bambancin da hannunsa ya zo bayan la'asar. Motar Alhaji na nan a kan duwatsu, jika 280 ɗin kuma ni nake biya, kaɗan-kaɗan.