Miro a ranar buɗe gasar mutum-mutumi: yana da amfani, amma sai da tsari

A gasar FIRST Robotics Competition, inda ɗalibai ke ƙera mutum-mutumi, a farkon Janairu ake bayyana wasan da mutum-mutumin zai buga a shekarar, kuma shawarar da ɗalibai suka yanke a kwanaki biyun farko ita ke jan ragamar sauran kakar. Miro, allon intanet da kowa ke manna 'yar takardarsa a lokaci guda, ya dace da zaman yanke wannan shawara.

Amfaninsa ya fi fitowa idan aka raba allon gida biyu. Gidan farko na tambayar "me mutum-mutumin zai yi?", kowane aiki da makinsa kamar yadda littafin dokoki ya faɗa. Sai an gama da shi a buɗe na biyu, wato "ta yaya?". A ba kowa minti 10 ya rubuta shiru, ra'ayi ɗaya a takarda ɗaya, sannan a tattara masu kama da juna. Ta haka ɗaliba mai kunya, wadda ba ta ɗaga hannu, takan fito da dabarar da masu surutu suka tsallake.

Miro yana da cikas. Tsarin kyauta allo 3 kacal yake bari a gyara. Zana hannun mutum-mutumi na ɗaukar ƙwallo ta amfani da linzamin kwamfuta wahala ce zalla, gara a zana a takarda, a ɗauki hoto, a ɗora. Idan mutane sun kai 20, wani kan ja takardun wani bisa kuskure, don haka a kulle kanun gidajen da teburin maki kafin ɗalibai su shigo.