Ciko ko Cirewa: Wanne Ya Dace da Haƙorin Yaro Mai Kogo?

Iyaye na yawan tambayar wanne ya fi idan haƙorin ɗan makaranta ya yi kogo, ciko ko cirewa.

Ciko na aiki ne idan ruɓar ba ta kai ga jijiya ba. Alamarta, yaro ya ji zafi in ya sha sanyi ko zaƙi, ya lafa nan da nan. Likita zai kankare ruɓar ya toshe ramin. Sai dai cikon kan faɗi, ruɓa kuma ta dawo ta gefensa in ba a rage zaƙi ba.

Cirewa ta fi saurin yanke ciwo, galibi ta fi araha, amma tana barin giɓi. Turamen yarinta ba sa famfara sai tsakanin shekara 9 zuwa 12. In an cire ɗaya da wuri, maƙwabtansa su karkato su cinye gurbin, sabon ya fito a karkace. Turmin da ke fitowa can ƙurya wajen shekara 6 kuwa na dindindin ne. Da yawa na ɗaukarsa na yarinta, alhali ba mai maye gurbinsa. Bayan cirewa a cije auduga rabin awa, kada a kuskure baki ranar.

Ciko ya dace da ƙaramin kogo, musamman a haƙorin dindindin. Cirewa ta dace da haƙorin yarinta da ya ragargaje, ko mai hana barci da kumburin dasashi da mugunya, idan likita ya ga wankin jijiya, wato cire jijiyar da ta ruɓe a cike gurbinta, ba zai cece shi ba.